Dodon Hajiya Baraka

Abubuwan da Hajiya Baraka ta Ƙofar Durbi ta raina a duniya suna da yawa, in aka ce za a lissafa su sai rana ta faɗi ba a kai rabi ba, amma babu wanda ya kai famfas. Ita a wurinta, macen da za ta ƙunshe wa ɗa ƙazantarsa a gindi ya yi ta yawo da ita kamar guzuri ba uwa ba ce, mai gadin yaro ce kawai. 'Ya'yan da ta haifa babu wanda ya fara rarrafe bai san inda ake tutu ba. Wani abin wahala ne? Da safe mace ta zauna bisa kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a tsakanin ƙwaurinta, ta ɗan yi masa sauti da baki. Shi ke nan fa. Ko ɗan akuya aka yi wa haka zai gane.

To sai ga shi Allah ya jarrabe ta da jika, ɗan Sada autanta, yaro ya doshi shekara uku yana tafe famfas na reto a tsakanin cinyoyinsa kamar hantsar akuya. Abin da ya fi ci mata rai, sunan marigayi maigidanta yaron ya ci, Malam Mahmud, mutumin da in kaza ta gifta ta gefen buzunsa sai ya sa an kakkaɓe. Uwar yaron kuma ta laƙaba masa Ashraf. Hajiya ta ce ita ba ta iya kiran mutum da suna kamar na maganin tari, don haka Maigida take ce masa.

Uwar kuwa, Rashida, tana can Kambarawa a gida mai tayil har cikin banɗaki. Yarinya ce mai ladabi, wannan ko Hajiya ba ta musa ba, sai dai ladabin ma haushi yake ba ta. Ta durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye, komai aka faɗa sai ta ce, "To, Hajiya." Irin shirun nan da ba ka sanin ko yarda aka yi da kai ko kallon mahaukaci ake maka. Komai na raino sai ta duba waya. Yaro ya yi atishawa, waya. Ya ƙi cin tuwo, waya. A wayar ta gano wani fo mai siffar agwagwa, rawaya shar, wanda in yaro ya zauna a kai sai kiɗa ya tashi. Ranar da Hajiya ta fara ganinsa sai da ta riƙe haɓa. Ta ce ita dai ta ga zamani, yau kashi ma sai da makaɗa. Yaron kuwa ko kusa da agwagwar ba ya zuwa.

Ana nan sai Rashida ta samu aiki a sakatariya. Sada ya zo gaida uwarsa, ya zauna a bakin tabarma yana ta murza hula a hannu, da ƙyar ya fito da maganar: in Rashida ta fara fita aiki, gidan raino za a riƙa kai yaron.

Gidan nan na Ƙofar Durbi da can sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, saboda hayaniyar yara. Yanzu ɗakuna duk a garƙame, daga ita sai tantabaru a soro. Tun da ta ji ƙishin-ƙishin aikin nan ta sa a ranta yaron wurinta zai riƙa wuni. Har 'yar tabarma ta saya masa, da ɗan kwano mai murfi, ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Amma wannan ba maganar da za ta faɗa wa ɗan da ta haifa ba ce. Abin da ta ce shi ne, tana raye, da ƙafarta da idonta, za a ɗauki mai sunan Malam a kai wa 'yan mata masu zaƙo-zaƙon farce su raine shi da ƙyama?

Sada ya ce ba haka ba ne. Rashida ce ta ce a can sun san dabarun raba yaro da famfas, ita ta yi iya yinta abin ya faskara.

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. Dabaru! Ta ce a kawo mata shi kullum da safe. In ranar fara aikin ta zo bai bar famfas ba, su kai shi duk inda suka ga dama, ko gidan raino ko gidan zu.

Ita magana ta yi irin ta fatar baki. Shi kuwa Sada, da ma neman mafita yake tsakanin uwa da mata, caraf ya cafke. Ya ce to, an tsaya a haka.

Washegari aka kawo yaro da jakarsa da agwagwarsa. Rashida ta gaishe ta, ta tsaya jim kamar mai son faɗin wani abu, idonta ya kai can ƙuryar gida inda masai yake, sannan ta sunkuyar da kai ta yi sallama. Hajiya ta bi bayanta da harara. Ko ƙofar zaure Rashida ba ta kai ba, Hajiya ta ɓalle famfas ɗin ta yi jifa da shi, ta tura agwagwar bayan madafi da ƙafa, ta aika aka sayo mata fo na mutane, shuɗi, wanda ba ya kiɗa ba ya waƙa.

Ta fara da abin da ta sani. Ta zauna ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi. Yaron da aka saba ɗorawa yana ɗan tsumma, wannan kuwa ƙato ne mai cin ƙosai, ƙwaurinta har ƙara yake. Duk da haka ya zauna lafiya yana wasa da ɗankunnenta, bai yi komai ba. Da ta ɗauko fo ta nufo shi, sai yaro ya sandare kamar taɓarya. Ba kuka ba, ba ihu ba, ya dai miƙe ƙafafu ya ƙanƙame wuyanta, jikinsa na ɓari. In ta lanƙwasa gwiwar dama, ta hagu ta miƙe.

Ta gwada alewa. Ya karɓe ya shanye a tsaye. Ta gwada wasan jika, ta ce masa ita fa ba ta zama da miji mai tutu a wando, gobe za ta kai ƙara wurin alƙali a raba auren nan. Ya dube ta da manyan idanunsa ya ce, "To." Hajiya ta ce ai ga shi nan, har "to" ɗin uwarsa ya gada.

Ba wai bai san abin yana zuwa ba. Ya sani sarai. Sai ya faki idonta ya sulale, ya samu wuri shimfiɗaɗɗe ya tsuguna. Bayan randa. Bayan ƙyaure. Wata rana a gindin gadonta na ƙarfe, taki kaɗan daga dardumarta. Tana kwashewa tana wankewa tana mita, kuma duk mitar Kambarawa take nufa: madarar gwangwani ce, zanen aljanun nan ne da ake kunna masa a talabijin, rashin goyo ne, don yaron da bai ji ɗumin bayan uwa ba ina zai ji magana.

Ga kuma wata sabuwa. Kullum in ta ɗauko fon sai ta ishe gutsuren ƙosai a ciki, wani lokaci ɓallin waina. Wannan ma ba ta sha wahalar gano mai laifi ba. Yaron da aka nuna masa kashi a bayan agwagwa, ina zai bambanta fo da akushi?

Maƙwabciyarta Hajo, wadda Hajiya ta riga ta cika wa baki cewa aikin kwana kaɗan ne, kullum sai ta leƙo ta kan katanga ta tambaya ko ango ya sauke. Hajiya ta ce yana hanya. Hajo ta ce ko za a karɓo masa rubutu wurin Malam Idi? Hajiya ta ce Allah ya sawwaƙe ta tashi malami daga karatu saboda kashin yaro. Da Hajo ta sauka, Hajiya ta tofa abin da ta iya a kununsa. Ya shanye ya nufi bayan randa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ranar Juma'ar da daga ita sai Litinin ɗin fara aiki, Sada ya kawo yaron, ya gaishe ta bai yarda sun haɗa ido ba. Ya ce Rashida ta je ta ga gidan rainon, ba laifi, akwai tsabta. Da la'asar ita za ta zo da kanta ta kwashe kayansa. Hajiya ta ce Allah ya kawo ta.

Ta zauna a inuwa da faranti tana tsintar wake, tana tsinta tana zubar da mai kyau tana barin tsakuwa. 'Yar tabarmar na shimfiɗe a gefenta. Sai ta hangi yaron ya taso da ƙosai a hannu, yana sanɗa kamar mai kamun fara. Bai ƙarasa wurin fon ba, ya tsaya daga nesa, ya miƙa hannu iya tsawonsa ya jefa. Ta buɗe baki za ta yi masa tsawa, sai ta ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Dodo, ci naka. Kar ka ja Ashraf."

Ta ajiye farantin. Ta kira shi, ya zo ya jingina da gwiwarta.

"Maigida, wane Dodo kuma?"

Ya nuna fon. Ya juya ya nuna ƙuryar gida, wajen masai. Sannan ya kumbura kumatu ya yi wani gurnani mai amo, huuum, irin wanda ba ya fitowa sai daga cikin tulu.

Hajiya ta san wannan gurnanin. Nata ne.

Daminar bara ce, yaron bai daɗe da fara tafiya ba, an kawo shi wuni. Ta fito daga madafi ta neme shi ta rasa, sai ta ishe shi a bakin masai, murfin a ture gefe, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ya dafa hannu biyu yana leƙen ramin. Ta fizgo shi a firgice. Da wani yaron ne da ya sha bulala ya kiyaye, amma wa zai ɗaga hannu a kan mai sunan Malam? Sai ta yi abin da kakarta ta yi mata. Ta ɗauki tsohon tulu mai tsaga, ta zagaya bayan katangar masai, ta cusa baki a ciki ta ce ita ce Dodon rami, duk yaron da ya ɗora gindi bisa rami ja take yi. Yaron ya zura da gudu. Duk zuwan da ya yi a daminar nan sai ta maimaita masa, har ya zamana ko kallon wajen ba ya yi. Ta ji daɗin dabararta ƙwarai, har Hajo ta ba labari. Ina ta san yaron zai ɗauki duk wani abu mai rami gidan Dodo ne?

Kada ku ce nadama ta yi. Hajiya Baraka ba ta san hanyar gidan nadama ba. Haushin yaron ta fara ji: mutum ɗan mitsitsi, sunan Allah in an koya masa da safe kafin azahar ya zubar, amma maganar tulu ya riƙe ta shekara guda kamar karatun allo. Daga nan haushin ya koma inda ya saba komawa, don ta tuna ranar da ta fara Dodon nan, Rashida na zaune a ƙofar ɗaki tana yankan kuɓewa.

Duk da haka ta san abin yi. Dodon da aka ajiye a gaban yaro, a gabansa ake korarsa. Matsalar ɗaya ce: ba ta iya zama mai duka kuma ta zama mai kuka. Ta taka turmi ta leƙa gidan Hajo. Aka ce ta tafi suna Gobarau, sai magariba. Ta sauko tana tsaki, ta ce mace kullum ƙafarta a waje kamar ta kaza.

Ana idar da sallar la'asar ta ji sallamar Rashida. Ta shigo da mayafinta mai ruwan toka da jakar zuba kaya, ta durƙusa. Aka gaisa, ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya mutanen Kambarawa, ya aka ji da ɗawainiyar yaro. Hajiya na amsawa a daƙile. Da gaisuwa ta ƙare ta tashi ta shiga bayan madafi, ta fito da tulun, ta hure masa ƙura da yanar gizo, ta miƙa wa surukarta ta yadda yaron ba zai gani ba.

"Ki zagaya," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Rashida ta sa hannu biyu ta karɓa. Ba ta ce ina ba, ba ta ce don mi ba. Ta ajiye jakarta, ta naɗe mayafi a ƙugu, ta bi ta bayan rumbun da ya rushe, ta tsaya daidai lungun da katangar ta tsage, inda Hajiya ke tsayawa bara.

Hajiya ta bi ta da kallo. Ashe ta sani. Duk watannin nan ta sani, tana ta fama da famfas tana cewa "To, Hajiya." Gidan rainon ma ashe ba don dabarunsu ba ne, don a raba yaron da gidan Dodo ne. Munafuncin shiru ke nan, in ji Hajiya a ranta. Da ta faɗa tun farko da ba a kai haka ba. Cewa da ta faɗa ɗin da har Kambarawa sai an ji rashin kunyar matar Sada, wannan bai zo mata a rai ba.

Ta gyara ɗaurin zane ta ɗauki taɓarya, ta kama hannun yaron. Ta ce masa yau zai ga yadda matarsa ke faɗa, ita an gaya mata wani ƙato na tsorata mata miji a cikin gidanta. Yaron ya toge daga nesa, ya ɓuya a bayan zanenta yana leƙe. Ta ture murfin masai da ƙafa ta buga taɓarya a ƙasa, ta ce Dodo ya fito in ya isa.

Wata 'yar murya ta fito daga bayan katanga, siririya kamar ta akuya mai mura.

"Wannan Dodon ko yunwa yake ji?" Hajiya ta faɗa da ƙarfi. "In namiji ne ya ɗaga murya mu ji."

Sannan tulu ya ɗauki wani ruri da ya sa tantabaru suka tashi daga soro. Hajiya kanta sai da ta ja da baya. Ba ta taɓa zaton akwai wannan muryar a cikin yarinyar nan ba.

"Wa ya ba ka izinin zama gidana?" ta ce, tana ɗaga taɓarya.

"Ni ba ni na kawo kaina ba," in ji Dodo, a hankali, kalma bayan kalma. "Ina zamana lafiya aka kira ni. Wata tsohuwa ce ta aje ni nan. Ni na sha zagi, wasu ma sun sha a kaina."

Taɓarya ta tsaya a sama. Yaron ya ɗago yana kallon kakarsa. Hajiya ta ce ƙarya yake la'ananne, ta sauke taɓaryar a bakin ramin da ƙarfin da ya fi na wasa. Ta ƙara. Ta kuma ƙarawa. Dodo ya yi ta wayyo yana tuba, ya ce zai kwashe 'ya'yansa da tukwanensa ya bar garin, ba shi ba gidan nan, ba shi ba Kambarawa. Kukan ya yi ta nisa har ya ɓace.

Yaron ya fito daga bayan zane. Ya ja hannunta ya nuna shuɗin fon, ya ce saura na ciki. Hajiya, jini ya riga ya hau, ta juya ta maka wa fon taɓarya. Roba ce ta zamani, ta dare gida biyu, ƙosan ya yi tsalle.

Ai kuwa sai ga yaro yana matse ƙafafu yana rarraba ido, alamar da ta sani sarai. Ta duba hagu ta duba dama. Babu sauran fo a gidan sai guda. Ta shiga bayan madafi ta jawo agwagwar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mushe. Yaron ya ce a ba shi muciya. Ya ƙwanƙwasa kan agwagwar, ya leƙa cikinta sosai, ya saurara. Babu kowa. Ya juya ya zauna.

Kiɗa ya tashi a tsakar gidan Malam Mahmud, wani ƙiriri-ƙiriri kamar na mai tallan askirim. Hajiya na tsaye da taɓarya tana kallon sama. Can yaron ya yi nishi, ya yi murmushi, ya ce ta zo ta gani.

Rashida ta fito daga lungu, yanar gizo a goshi, da'irar ƙura kewaye da bakinta. Ta ajiye tulun a hankali ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗauko buta ta yi wa ɗanta tsarki. Sannan ta dawo ta durƙusa a inda ta saba, kai a sunkuye, kamar ba ita ba. Jakar da ta zo kwasar kaya da ita ta ninke ta a cinya.

"Hajiya, ran Litinin da wane lokaci za a kawo shi?"

"Da sassafe," in ji Hajiya, tana duban wani wuri. "Ki haɗo da wanduna. Na mutane."

"To, Hajiya."

Wandunan sun yi amfani, don ba a rana ɗaya aka daina jiƙa su ba. Amma famfas bai sake shiga gidan ba, kuma 'yar tabarmar nan har ta fara zarewa a gefe saboda zama.

Da Hajo ta leƙo washegari, Hajiya ta ba ta labari yadda ya kamata a ba da shi: ango ya sauke, aikin da 'yan boko suka kasa da wayoyinsu ita ta gama shi a yammaci guda. Matar Sada kuwa ba ta tsinana komai ba, aikin da aka sa ta ma ba ta iya shi ba, sai ƙari a kan abin da aka ce. Hajo ta ce Allah ya ƙara girma. Sannan ta tambaya, ta ga tsingaro a bola, ko tulun nan ne na bara ya faɗi?

Hajiya ta taɓe baki tana karkaɗe tabarma.

"Ni na fasa shi," ta ce. "Surutu ya yi mashi yawa."